Bazazzagi Ya Buɗe Aji a Teburin Mai Shayi

Bayan sallar isha'i, Bakano ya zauna a benci yana murmushi, da wata takarda a hannu. Bazazzagi na gefe yana tsoma burodi a shayi.

Bazazzagi: Yau kuma wa aka cuta a Kantin Kwari kake wannan fara'a?

Bakano: Mutumin da na ba atamfa bashi ne ya biya. Ga shaida, yarona ya kawo. Ka ga "paid" nan.

Bazazzagi: Miƙo in gani. Innalillahi! Alhaji, "unpaid" aka rubuta.

Bakano: To ai da "paid" ɗin a ciki.

Bazazzagi: Haruffa biyun nan na gaba su suka kife maganar. "Lock" kulle, "unlock" buɗe. Ko sisi ba a ba ka ba.

Bakano: Haruffa biyu su cinye mini turmi arba'in?

Bazazzagi: Kaɗan ka gani. Akwai "dis": "appear" ya bayyana, "disappear" ya yi layar zana, kamar mai bashinka. Akwai "re", a maimaita. Katin da kake sa wa waya kullum, "recharge" ke nan. Akwai kuma "in", shi ma korewa yake yi. "Correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba. Idan ya haɗu da "p" sai ya rikiɗe, "possible" ya koma "impossible".

Bakano: Shi ke nan, na sauke. Ashe Turancin bai kai lissafin kwantena wuya ba. Mai shayi! Ɗauki rishonka mu koma gindin tankar man can, iska ta fi kaɗawa.

Mai shayi: Gindin tanka, Alhaji? Da wuta?

Bakano: Karanta jikinta mana. "Inflammable". Ga "in" nan ƙato da jan fenti. Ba ta kamawa.

Bazazzagi: Kai! Zauna! Wallahi kamawa take yi!

Bakano: Yanzu fa ka ce "in" korewa ne.

Bazazzagi: Iri biyu ne, duka daga Latin aka aro su. Ɗaya na korewa, ɗaya na cusawa ciki. Wannan na cusa wuta ne. "Flammable" da "inflammable" duk abu guda suke nufi.

Bakano: Wato ko an sa ko an cire, ƙonewa za mu yi.

Bazazzagi: Ƙurmus.

Bakano: To "uncle" fa? Wanda ba kawunka ba?

Bazazzagi: Wannan "un" ɗin da shi aka haife shi, ba liƙa masa aka yi ba.

Bakano: Mutum ya gane na haihuwa da na liƙi ta yaya?

Bazazzagi: Sai ya zo Zariya ya yi shekara huɗu. Ai mu ma muna da irinsa a Hausa. Karatu, makaranta. Kano, Bakano, ka ji, ba Kano.

Bakano: Kai kuwa zagi aka yi wa gaba, ya zama Bazazzagi.

Mai shayi: Malam, tun da an zo kan littafi, ga nawa. Shayi mai kauri 9, ƙwai 14, tun watan jiya. Wane harafi zan sa a gaban "paid" ɗin?

Bazazzagi: Ka bar wurin a buɗe tukuna, albashi na hanya.

Mai shayi: Daga yau teburin nan irin mitar wuta ne. Me ake ce mata?

Bakano: "Prepaid"! Wannan ko ni na san shi. Ajiye kofin, Malam.