Ka Leƙa Saƙon OTP, Ka Dawo Manhaja Ta Mutu

Haba masu haɗa manhaja! Mutum yana tsaye gaban mai shago zai tura kuɗi, an ce ya saka lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turo masa ta saƙo. Ya fita ya leƙa saƙo, ko daƙiƙa goma bai yi ba, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko tana neman lambar sirri. In ya kai kuka, sai a ce ya goge hotuna ko ya sayi babbar waya. Wannan ai rainin hankali ne. Goge hotuna ba ya ƙara wa RAM ko ƙwayar zarra. Hotuna suna wurin ajiya ne, RAM kuwa nan ne manhaja ke zaune yayin da take aiki.

Abin da ke faruwa a fili yake. Android yana da wani ɗan aiki mai suna lmkd, wanda in RAM ta yi ƙaranci yake kashe manhajoji bisa makin da aka ba kowacce. Wadda ke kan allo makinta 0, ba a taɓa ta sai an rasa yadda za a yi. Wadda aka baro yanzu-yanzu 700, waɗanda aka daɗe da barinsu daga 900 zuwa sama. Mai maki da yawa ake fara yankawa. A wayar da RAM ɗinta gigabait 2 ne, irin wadda ta cika hannun mutanenmu, tsarin wayar kansa ya riga ya ci kaso mai tsoka. In manhajarku ta kumbura, ba a jimawa layi yake zuwa kanta. Gaskiya wasu kamfanonin waya ma suna da saurin hannu wajen kisan, amma wannan ba hujja ba ce ta ƙin auna naku.

Kuma aunawar ba ta cin ko sisi. A jona waya da kwamfuta, a rubuta adb shell dumpsys meminfo, a bi shi da sunan kunshin manhajar, wato sunan da Android ya san ta da shi. A duba jimillar PSS, wato abin da manhajar ta riƙe ita kaɗai haɗe da rabonta na abin da take tarayya da wasu. Daga ƙasa akwai layin Activities, mai nuna shafukan da ke raye. A buɗe shafi ɗaya a rufe sau goma, a tilasta shara (wato kwashe abin da manhaja ta daina amfani da shi daga RAM) daga Memory Profiler, ma'aunin RAM na Android Studio, manhajar da ake haɗa manhajojin Android da ita, a sake dubawa. In shafi guda ne a buɗe amma lissafi ya nuna goma sha ɗaya, to randarku tana yoyo. Yawanci dalilin bai wuce an ɗaure shafin a wani abu na static, wanda ke zama muddin manhajar tana raye, ba, ko an yi rajistar mai sauraro (ɗan aikin da ke jiran wani abu ya faru) an manta ba a cire shi ba. Mai sharar ba ya kwashe abin da wani ke riƙe da shi, sai shafin ya zauna da duk kayan da ke cikinsa. LeakCanary, mai gano irin wannan yoyo, layi ɗaya ake ƙarawa a Gradle, kayan aikin da ke harhaɗa manhajar, ta jira daƙiƙa 5 bayan an rufe shafi, in bai tafi ba ta nuna muku sarƙar da ta riƙe shi. Layi ɗaya! Shi ma ya gagara?

Sai maganar hoto, inda ɓarnar ta fi yawa. Hoto mai faɗin 4000 da tsayin 3000 yana iya zama megabait 3 ko 4 a ajiye, amma in an buɗe shi a tsarin launi na ARGB_8888, kowane ɗigo bait 4 yake ci. Ɗigo miliyan 12 sau 4, megabait 48 ke nan, don kawai a nuna fuskar mutum a ɗan akwatin da bai kai girman fasfo ba. A sa inSampleSize, saitin rage girman hoto yayin buɗe shi, a kan 4, faɗi da tsayi su ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, nauyin ya dawo megabait 3. Tun daga Android 8.0 kuma ɗigon hoto yana zama a ɓangaren native, wato RAM ɗin manhaja da ke wajen lissafin Java, don haka mai kallon ɓangaren Java kaɗai zai ga komai lafiya alhali ana cin wuta.

Ko da kun rage ƙiba, wata rana za a kashe ta, musamman in kun tura mutum kyamara ya ɗauki hoton katin shaidarsa. To me ya hana ku ajiye inda ya tsaya? onSaveInstanceState, inda Android ke ba shafi damar ajiye halin da yake ciki, don haka aka yi shi. Gwajinsa ma ba wuya: a tura manhajar baya, a rubuta adb shell am kill da sunanta, a dawo. In ta koma farko, ba ta isa fitowa kasuwa ba. Kuma don Allah ku daina gwaji a wayar oga mai gigabait 12. Ku sayi mai 2, ku cika ta da WhatsApp da Facebook, sannan ku gwada tura kuɗi da ita.