Ku Ji Tsoron Allah, 'Yan Kallo

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ranar 21 ga Janairu 1793 aka sare kan Sarkin Faransa Louis na 16 a babban dandalin birnin Paris, lokacin juyin juya halin da ya kifar da sarauta. Hauni ya ɗaga kan ya nuna wa jama'a, wuri ya kaure da sowa, wasu har da tsoma hankici a cikin jinin. Talakan Faransa yana da dalilin fushi: burodi ya gagare shi, haraji a wuyansa yake, masu sarauta da manyan coci suna cin duniyarsu da tsinke. Zalunci ne, Allah kuwa ba ya son zalunci. Amma yau da masu kallon nan nake.

Ana aske wa mutum ƙeya, a ɗaure masa hannu ta baya, a ɗora shi a buɗaɗɗen keken doki a ratsa gari da shi zuwa wurin injin sare kai. Jama'a sun yi dafifi a hanya, wannan ya zaga, wancan ya yi dariya. Waye a cikinsu ya san laifin mutumin? Waye ya ji shaida? An dai ce maƙiyin juyin juya hali ne, shi ke nan.

Da shugabanni suka ga babu mai cewa uffan, sai suka ƙara gaba. A Satumba 1793 aka kafa dokar kama duk wanda ake tuhuma, ko da kan wata magana da ya faɗa ne ko mutanen da yake hulɗa da su. A Yuni 1794 aka hana wanda ake tuhuma lauya, aka ce ba dole sai an kira shaidu ba, hukunci kuma biyu ne kawai: saki ko kisa. Cikin mako bakwai aka sare kan mutum fiye da 1,300 a Paris kaɗai. A faɗin ƙasar kusan 17,000 kotuna suka yanke wa kisa, kuma abin da ya fi taɓa mini zuciya, mafi yawansu talakawa ne, manoma da leburori da masu ƙananan sana'o'i. Wato waɗanda aka ce domin su ake yi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Danton, ɗaya daga cikin jagororin juyin, wanda ya taimaka aka kafa kotun da ke yanke hukuncin nan a Paris, ita ta aika shi lahira a Afrilu 1794. Robespierre, babban jagoran juyin da ake rawar jiki in an ji sunansa, ranar 28 ga Yuli 1794 aka kai shi dandalin da aka kashe sarki, muƙamuƙinsa a farfashe, jama'a na murna. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Faransa ba ta daina kisa a bainar jama'a ba sai 1939, bayan wani da aka yi a Versailles inda 'yan kallo suka yi abin kunya, wani ma ya ɗauki fim a ɓoye. Su abin ya ba su kunya har suka hana. Mu fa?

A satin nan wani ya turo bidiyo a wani zaure na WhatsApp. An yi wa wani yaro ihun ɓarawo, ana jibgarsa da gora da duwatsu, yana rantsuwa yana kiran sunan Allah. Kewaye da shi wayoyi ne a sama, kowa na neman inda zai fi ɗaukowa da kyau. A ƙasa kuma wani ya rubuta "maganinsa ke nan". Haba ɗan'uwa! Kai ne alƙali? Ka ga lokacin da ya ɗauka? Ko da ya ɗauka, wa ya ba ka jininsa? Yaron nan yana da uwa, kuma wataƙila a wayar maƙwabciya za ta fara ganin yadda ɗanta ya cika.

Haka lokacin siyasa. A sari yaron wata jam'iyya, sai ka ji mai sallah biyar yana cewa Allah ya ƙara. 'Yar'uwa, ke ma da kike turawa zaure-zaure kina cewa "don a ɗauki darasi", wane darasi? Zuciya ce ke ƙeƙashewa, har ganin gawa ya daina sa mu salati.

Don Allah, in bidiyon ya zo maka, goge shi, kada ka tura. In ka ji ihu a unguwa, ajiye wayar ka kira mai unguwa, ka kira liman, ka kira jami'an tsaro. In ba za ka iya hanawa ba, bar wurin, kada ka ƙara musu yawa. Don girman Allah kada ka tsaya kallo.

Ya Allah ka tsare hannayenmu da harsunanmu daga jinin bayinka. Amin.