Tsoron ƙiba ba hujjar ci gaba da shan sigari ba ne

Akwai wata hujja da mashaya sigari ke yawan kawowa idan aka yi musu maganar bari, kuma galibi sai a yi watsi da ita, alhali ta cancanci a tsaya a amsa ta da gaskiya. Sukan ce, "Ai da na daina, sai ƙiba." A ganina duk wanda ya ce musu wannan zance ba shi da tushe bai taimake su ba, domin idan mutum ya ga wandonsa ya fara matse shi bayan wata biyu, sai ya ɗauka yaudararsa aka yi, ya koma ya kunna kara.

Ƙaruwar nauyin tana faruwa. Sinadarin nikotin yana dakushe sha'awar abinci, yana kuma ɗan ƙara saurin yadda jiki ke ƙona abin da aka ci. Da zarar an janye shi, sai yunwa ta dawo, harshe da hanci su farfaɗo har abinci ya ƙara daɗi, hannun da ya saba kai sigari baki kuma ya riƙa neman abin da zai maye gurbinta. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2012 ya nuna cewa, a matsakaici, wanda ya daina yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, yawanci cikin watanni uku na farko, kodayake akwai waɗanda ma raguwa suke yi.

To amma a ɗora kilo biyar ɗin a ma'auni da abin da ke ɗaya ɓangaren. Binciken da masanin lafiya Richard Doll ya fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, wanda aka bi diddiginsa tsawon shekara 50, ya gano cewa mashayin da bai daina ba yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, wanda kuwa ya daina yana ɗan shekara 30 yakan tsira da kusan dukkansu, har wanda ya kai 60 ma yana samun kimanin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce shekara guda bayan dainawa, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan ragu zuwa kusan rabin na mai sha. Kitsen da ya taru ana iya rage shi daga baya, amma huhun da hayaƙi ya riga ya lalata ba ya komawa yadda yake.

Inda nake saɓa wa masu ba da shawara da dama shi ne wurin da suke so mutum ya yar da sigari kuma ya shiga horon yunwa a mako ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Makonnin farko lokaci ne na ƙunci, da saurin fushi, da rashin barci, kuma wanda ya ƙara wa kansa yunwa a kan wannan ya buɗe wa sigari ƙofar dawowa da hannunsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a gyara irin abincin ba tare da tsananta yawansa ba: a ci a kan lokaci, a ajiye 'ya'yan itace da ruwa kusa maimakon alawa da lemon kwalba, a kuma yi ƙoƙarin kaiwa giram 400 na kayan lambu da na marmari a rana, kamar yadda hukumar ta ba da shawara. Sukarin da ake ƙarawa shi ya fi kamata a sa wa ido, don iyakarsa ga babban mutum ba ta wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ba.

Tafiyar ƙafa tana da amfani biyu a nan, domin ƙwaɗayin sigari yakan taso ne ya lafa cikin 'yan mintuna, kuma tashi a taka yana taimakawa wajen tsallake waɗannan mintuna, yana kuma shiga cikin minti 150 na motsa jiki da ake so a mako. Wanda abin ya yi wa nauyi ya ga likita ko ma'aikacin lafiya, domin akwai cingam da filastar nikotin da wasu magunguna da ke sassauta ƙwaɗayin, kuma wasunsu suna jinkirta ƙaruwar nauyi muddin ana amfani da su.