Asirin wa muka yi rantsuwar rufewa?

Akwai tambayar da kowane likita ya saba ji daga danginsa: "Dakta, an ce sai an yi wa Hajiya aiki, wajen wa za mu kai ta?" Ban taɓa ganin likitan da ya yi inda-inda wajen amsa ta ba. Nan take za mu ce ku je wajen wane, in ya yi tafiya ku jira shi ko da sati biyu ne, amma ko da wasa kada ku bari wane ya taɓa ta. Sunayen suna nan a kanmu. Ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata ma sun fi mu sani, don su ne masu miƙa almakashi, su ke ganin hannun da ya san inda ya dosa da hannun da ke lalube. Har mai shara ta sani. Wanda kawai bai sani ba shi ne bawan Allahn da ya sayar da buhun gero biyu da akuya, ya hau motar kasuwa da matarsa, ya hango farar riga ya ce alhamdu lillahi, mun iso.

Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu abokan aikina ba za su ji daɗin wannan rubutu ba. Su yi haƙuri.

Wani dare ina aikin kwana aka shigo da wata matashiya, ba za ta wuce shekara 24 ba. Mijinta da ƙanensa ne suka tallabo ta. Takardar da aka haɗo su da ita rabin fallen littafi ce, an rubuta "maleriya da taifot". Kwananta uku a wani asibitin kuɗi ana yi mata ƙarin ruwa, irin wanda ake zuba wa sinadari ya koma rawaya don masu jinya su ga ana aiki. Na buɗe tafin hannunta, fari fat kamar takarda. Na ja fatar idonta, babu ɗigon ja. Bugun zuciyarta kamar ana kiɗan kalangu, jininta ya yi ƙasa, ciki ya kumbura, ko ɗan taɓawa ba ta so. Ta ce har kafaɗarta ciwo take yi.

Na ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonki da ganin al'ada?"

Ta kalli mijinta, ta sunkuyar da kai, ta ce wata biyu.

A kwana ukun nan babu wanda ya yi mata wannan tambaya. Gwajin ciki na fitsari, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, babu wanda ya yi. Ciki ne ya zauna a bututun mahaifa, bututun ya fashe, jini yana ta tsiyaya a cikinta. Da muka buɗe, abin da muka kwashe ya kusa lita biyu. Jini leda uku ta sha. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi. Duk ɗalibin likitanci da ya kai ajin asibiti an karanta masa wannan har ya gaji da ji: mace mai shekarun haihuwa in ta zo da ciwon mara, ka ɗauka ciki ne a wajen mahaifa sai gwaji ya ƙaryata ka.

Washegari na nemi lambar wanda ya rubuto takardar. Ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba. Na yi sallama, na gaishe shi da iyali, na ce, "Ranka ya daɗe, majinyaciyar da ka turo jiya, na ce bari in sanar da kai abin da muka samu." Ya saurara har na kai aya. Sai ya ce, "Kai yaushe ka gama makaranta?" Na faɗa masa. Ya ce, "To lokacin da na fara yanka mutane kana sa gajeren wando." Ya kashe waya.

Ita kuwa matar, ko sunanta bai tambaya ba.

Kafin wani ya ce na ɗauki kaina mala'ika, bari in tona nawa asirin. Ina shekarar sanin makamar aiki, bayan kwana biyu ban runtsa ba, na rubuta wa wani yaro allura da ma'aunin da ya ninka abin da ya kamata. Wata tsohuwar nas, wadda ta haife ni ta yi jika da ni, ta dawo mini da fayil ɗin, ta ajiye a gabana ba hayaniya, ta ce, "Dakta, sake duba nauyin yaron nan." Na duba. Gumi ya karyo mini duk da sanyin asuba. Har yau in na tuna ta sai na yi mata addu'a. Duk likitan da ya ce maka bai taɓa kuskure ba, ko dai bai daɗe a aikin ba, ko kuma ba ya bibiyar abin da ya faru da majinyatansa bayan sun bar gabansa.

Don haka ba kuskure nake magana a kai ba. Ba kuma halin da muke aiki a ciki ba, wanda kowa ya sani: likita ɗaya a babban asibitin ƙaramar hukuma, shi ne na yara, shi ne na mata, shi ne mai tiyata, wuta ta ɗauke a ƙarasa ɗinki da fitilar waya, bankin jini babu ko leda ɗaya, abokan karatunsa rabi sun tafi Saudiyya da Ingila. Wannan mutumin jinjina ya cancanta. Wanda nake nufi daban ne. Shi ne wanda iliminsa ya tsaya cak ranar da ya karɓi takardar shaida, wanda kowane zazzaɓi a wurinsa maleriya da taifot ne, wanda yake buɗe cikin da ya san ba zai iya rufewa ba don kada kuɗin aikin ya tafi wani asibiti, wanda yake riƙe mai naƙuda har sai ta galabaita sannan ya turo ta don kada ta mutu a hannunsa. Kuma in an yi masa gyara ya tambaye ka shekarar da ka gama makaranta. Na farko ya yi kuskure ya kwana bai yi barci ba. Wannan kuwa ya maimaita abu ɗaya sau goma yana barcinsa da minshari.

Me ya sa muke shiru? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Malaminka ne, ko abokin malaminka. Gobe shi zai zauna a teburin jarabawarka ta ƙwarewa, ko ya sa hannu a takardar ƙarin girmanka. Unguwarku ɗaya, sahu ɗaya kuke sallah, matanku suna biki tare. Ga kuma tsoron da ba ma faɗa: yau shi ne, gobe ni ne, in na rufa masa zai rufa mini. Sai muka lulluɓe duk wannan da kalma mai daɗin ji, wai rufin asiri. Amma asirin da muka ɗaga hannu muka yi rantsuwar rufewa na majinyaci ne, ciwonsa da abin da ya faɗa mana a ɗakin duba. Ban tuna ranar da muka rantse za mu rufe asirin wanda ke cutar da shi ba.

Jama'a ma sun sauƙaƙa mana. Da zarar an fito an ce sai haƙuri, dangi za su ce kwana ne ya ƙare, su yi godiya, su ɗauki gawa, kafin la'asar an binne. Ba a binciken gawa, ba a neman fayil. Imani da ƙaddara gaskiya ne, ni ma da shi nake rayuwa, in ba don shi ba da aikin nan ya haukata da yawanmu. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya zo da hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Malaman fiƙihu sun yi bayani mai tsawo a kan lamunin likita, sun bambance ƙwararren da ya yi aiki bisa ƙa'ida aka samu akasi da wanda ya yi ganganci ko ya shiga abin da bai iya ba. Masu cewa ai wannan gulma ce kuma, su koma wuraren nan shida da Imam Nawawi ya lissafa inda ambaton aibin mutum ya halatta. Gargaɗin jama'a daga cutarwa yana ciki.

A shekarar 931 Miladiyya labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Bai ce kwana ya ƙare a tashi ba. Ya ba da umarni a hana kowa yin magani sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi izini. Likitoci sama da 860 aka jarraba. Mutum ɗaya ne fa ya mutu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai kuwa na Ingila ne, ƙasar da muke ganin komai nata a tsare yake. A babban asibitin birnin Biristol akwai wani likitan sa barci mai suna Stephen Bolsin. Yana tsaye a kan jarirai ana yi musu tiyatar zuciya, sai ya lura aikin yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ya saba gani a inda ya fito, kuma yaran suna mutuwa da yawa. A 1990 ya rubuta wa shugaban asibitin. Ba a yi komai ba, sai ma aka nuna masa cewa ya taka sahun manya. Abin da ya yi daga nan shi ne darasin: bai tsaya cacar baki ba, ya koma yana ƙirga. Aiki nawa aka yi, wane iri, yara nawa suka tashi, nawa suka mutu, yaya abin yake a sauran asibitoci. Shekaru yana tara alƙaluma yana nuna wa duk wanda zai saurara. A watan Janairun 1995 aka shirya yi wa wani yaro ɗan wata 18 aiki, ya roƙa a dakata, aka ƙi, yaron ya mutu. Sai a lokacin aka farka. A 1998 hukumar likitocin ƙasar ta soke lasisin mutum biyu, har da shugaban asibitin, ta hana na uku yi wa yara tiyata na shekara uku. Rahoton binciken da ya fito a 2001 ya ce tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 ne suka mutu fiye da abin da za a yi tsammani a asibiti irinsa. Rahoton bai ce mutanen mugaye ba ne. Ya ce masu ƙwazo ne da suka kasa ganin gazawarsu, a wurin da iko ya taru a hannun 'yan tsiraru masu kare juna. Shi kuwa Bolsin zama ya gagare shi a Ingila, sai Ostareliya ya koma da aiki.

To in a can an yi wa mai faɗin gaskiya haka, ina ga nan? Ba na yaudarar ƙananan likitoci cewa abin ba shi da tsada. Yana da ita.

Amma hanya tana nan, ba sai an yi tallan mutum a kasuwa ba. Ni ban yarda da kama suna a bainar jama'a ba, don rabin labari ake ji, ga sirrin majinyaci da ke bin ruwa, kuma jama'ar da ta fusata ba ta bambance mai ganganci da wanda wuta ta ɗauke masa. A fara da mutumin, ido da ido, cikin ladabi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma da yawa suna karɓa. In ya ƙi, a rubuta, da kwanan wata da abin da aka gani, ba abin da aka ji ba, a kai wa shugaban sashe ko na asibiti, ko hukumar jihar da ke sa ido kan asibitocin kuɗi. Maganar baki iska ce, takarda kuwa tana zama a fayil. Taron bitar mace-macen mata masu juna biyu da jarirai, wanda tsarinsa ya ce ba kama suna ba ɗora laifi, a daina mayar da shi taron shan lemo da sa hannu. In abin ya wuce nan, akwai hukumar kula da likitoci ta Najeriya, wato MDCN, mai ba mu lasisin da muke sabuntawa duk shekara. Tana da kwamitin bincike, tana da kotun ladabtarwa da ke iya jan kunne, ko dakatarwa, ko goge suna daga rajista gaba ɗaya. Ana shigar da ƙorafi ne da takardar rantsuwa. Mijin matar can da ya sayar da akuyarsa bai taɓa jin sunan wannan hukuma ba, kuma ko ya ji bai san me aka yi ba daidai ba. Mu da muka buɗe cikin mu muka sani.

Ranar da za a sallame ta ya same ni a baranda, ya durƙusa har ƙasa duk da na hana shi. Ya yi mini addu'a, sannan ya ce, "Shi ma wancan Daktan Allah ya saka masa, kwana uku yana fama da ita, ruwa leda tara ya sa mata." Na buɗe baki na rufe. Ban san ta inda zan fara ba. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, duk ranar da ta sake ɓatan wata, su zo a yi sikanin da wuri, don wadda ta taɓa yin irin wannan cikin tana iya sake yi, kuma bututu ɗaya ya rage mata.

A daren na zauna na rubuta takarda shafi ɗaya, na sa hannu da sunana, na kai inda ya kamata. Wani babba ya kira ni gefe ya ce in bi duniya a sannu, yaro ne ni. Amsa a rubuce kuwa har yau ban samu ba. Allon asibitin mutumin yana nan a bakin titi, an ma sake masa fenti. Mun haɗu a wajen ɗaurin aure na miƙa masa hannu, ya ba ni yatsu biyu yana kallon wani wajen.

Watanni bayan haka aka kawo wata mata da tsakar rana, da ƙafarta ta shigo. Na karɓi takardar, na gane rubutun tun kafin in karanta, irin rabin fallen nan ne. An rubuta ciwon mara kwana ɗaya, ɓatan wata na sati shida, gwajin ciki ya nuna akwai, a duba da gaggawa. Bai sa gaisuwa ba, bai sa sunana ba. Mun shiga da ita tiyata kafin bututun ya fashe.