Agogo a Hannu, Bashi a Wuya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, abin da ya sa nake wannan rubutu da daren nan ya faru ne shekaranjiya a ƙofar gidana, kuma tun daga lokacin zuciyata ba ta ba ni sukuni ba.

Akwai wani dattijo mai ɗan shago a bakin layinmu da muke karɓar kayan masarufi a wajensa, yau shinkafa, gobe man gyaɗa, jibi sabulu da sukari, yana rubutawa a littafi. Wata huɗu ke nan ban sauke abin da ya taru ba, har ya kai Naira 46,000. Bayan sallar La'asar ya yi sallama da ni, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya daɗe yana kewaye-kewaye irin na mai kunya, sannan ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, ba don ta zama dole ba da ba ka gan ni ba. Ina son shiga kasuwar Singa, kuma wanda yake ba ni kaya ya ce sai na rage abin da ke kaina.” Na ce masa, “Baba, wallahi babu, ka san halin da ake ciki, a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata.” Ina rufe baki sai na ɗaga hannu na duba lokaci kamar yadda na saba, nan take na ga idonsa ya sauka a kan agogona. Bai ce komai a kai ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya hore,” ya juya ya tafi, ya bar ni tsaye da rantsuwar da na yi a gabansa.

Agogon na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Seiko 5 ne da ya sayo a Makka lokacin da ya sauke farali a farkon shekarun 1980, irin wanda yake nuna ranar mako da Larabci a gefen kwanan wata. Ba ya amfani da batir, motsin hannun mai ɗaura shi ne yake tafiyar da shi, shi ya sa in aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya cik. Da shi mahaifina yake duba lokacin salla a rumfarsa ta Kantin Kwari, kuma har yau ina ganinsa a idona yana kwance shi a hankali yana sawa a aljihun gaba kafin ya yi alwala. Da aka zo rabon gado aka yi masa kuɗi aka cire a kasona, na karɓa da murna, domin ni a lokacin ya fi mini komai da ya bari. Saboda haka kada wani ya zaci ban san zafin rabuwa da abin da ake ƙauna ba.

Jiya na tafi Sabon Gari na sami wani mai gyaran agogo a bayan akwatinsa na gilashi. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana dubawa, ya ce na asali ne kuma an kula da shi. Ya taya da abin da zai biya dattijon nan har a sami ɗan canji. Na riƙe agogon a tafin hannuna, na ji maƙogwarona ya bushe, na ce masa albarka, na mayar na ɗaura na hau adaidaita sahu na dawo gida. A hanya ina ta gaya wa kaina cewa ai wannan abin tunawa da mahaifi ne, ba a sayar da irinsa, kuma ƙarshen wata ya kusa.

Da na kwanta sai ranar jana'izarsa ta dawo mini. Kun san yadda ake yi a garin nan, kafin a kai mamaci makwancinsa wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi shela cewa duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya sami iyalinsa. An yi wannan shela a ƙofar gidanmu, aka maimaita ta a zaman makoki, kuma har aka raba gado ba wanda ya zo ya ce yana bin sa ko sisin kwabo. Mutum ne da in ya karɓi itace ko kalanzir da safe, bayan Magariba zai kira ni ya ƙirga kuɗin ya ce, “Maza ka kai, kada mu kwana da haƙƙin mutane.” Yau ga ɗansa yana yawo da agogonsa a hannu da sunan girmama shi, alhali halin da aka san shi da shi ya bari a ƙasa. Na tambayi kaina, da a ce a daren nan aka ɗauki raina, aka yi irin wannan shela gobe da safe, dattijon nan zai miƙe a gaban jama'a, ko kuwa kunya za ta sa ya yi shiru ya haɗiye asararsa, ni kuma in tafi da ita kabari? Jikina ya yi sanyi, domin duk mun ji cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Sai da na natsu na gane cewa ba ƙaunar mahaifina kaɗai ta hana ni sallamawa ba. Akwai tsoron kada a majalisa a ga hannuna wayam a ce wane ya fara sayar da kayan gado. Wannan tsoron idon mutane shi ne cutar, kuma ba ni kaɗai take damu ba, don haka ku bari in faɗa mana gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Mutum nawa ne a cikinmu yake riƙe da waya ta dubban ɗaruruwa da ya sayo a kasuwar waya ta Farm Centre, amma telan da ya ɗinka masa kayan sallar bara har yanzu yana sintiri a ƙofar gidansa? Mutum nawa ne yake kafa hula mai tsada, ya fesa turare, ya shiga sahun farko ranar Juma'a, alhali ɗan garuwan da yake turo masa kurar ruwa a cikin zafin Kano ya gaji da jin “sai gobe”? Ke ma Hajiya, Allah ya yi miki albarka, sarƙar gwal tana kwance a akwati ana jiran ranar biki, an yanki anko biyu a wata ɗaya, amma yarinyar da take yi miki wanke-wanke da shara ta shiga wata na uku ba albashi. Malamin Islamiyyar da yake koya wa 'ya'yanmu Alƙur'ani yana jin nauyin ya tuna mana kuɗin wata, mu kuma mun mayar da jin nauyinsa wurin fakewa. Haba jama'a! Kullum a kan mai rauni muke jinkirtawa, wanda muka san ba zai kai mu gaban alƙali ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira jinkirin mai hali zalunci, kuma wanda yake da abin sayarwa a hannunsa ya ji tsoron Allah kafin ya sa kansa cikin marasa hali.

Akwai kuma wata cutarwa da ba mu cika lura da ita ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashin kaya ya riƙa sauyawa a kasuwannin Singa da Dawanau. Kuɗin da mai shago ya ba ka kayansu wata huɗu da suka wuce, in ka mayar masa yau ba lallai su sayo masa abin da ya ba ka ba. Jarinsa ne yake narkewa a hannunka, da shi yake ciyar da nasa iyalin, kai kuma kana ganin ai ka ce a yi haƙuri.

Ba cewa nake kowa ya kwashi kayan tarihin gidansu ya kai kasuwa ba. Wanda ba a bin sa bashi, iyalinsa ba sa kwana da yunwa, ya riƙe agogonsa ya yi wa mai shi addu'a duk lokacin da ya duba, babu laifi. Wanda kuma rabuwar ta yi masa nauyi ƙwarai, ƙofar jingina a buɗe take, domin fiyayyen halitta ya bar duniya sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. In sulken Annabi ya fita daga ɗakinsa saboda haƙƙi, agogon wane ne ya fi ƙarfin fita? Ku kuma masu saye, don Allah in kun ga buƙata a fuskar mutum kada ku yi masa tayin wulaƙanci.

Ɗan'uwana, don girman Allah ka duba hannunka, ka duba aljihunka, ka buɗe akwatinka a daren nan, sannan ka tuna sunan wanda ya daina tambayarka saboda ya gaji. Kada ka jira ƙarshen wata, ba ka da tabbacin ganinsa. Don Allah ka kira shi, ko rabi ne ka rage.

Ni dai na kwance agogon na ajiye a kan sallayata. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar Azahar zan koma Sabon Gari, daga can kuma kai tsaye shagon dattijon nan zan nufa in nemi ya yafe mini jinkirin da na yi masa, in kuma nemi gafarar Ubangiji kan rantsuwar da na yi. Ku taya ni da addu'a kada zuciyata ta sake karaya a gaban akwatin gilashin nan, kuma duk wanda ya karanta ya sa mahaifina cikin addu'arsa, Allah ya haskaka kabarinsa da na iyayenmu baki ɗaya.