Ƙungiyar da mambobinta ba sa biyan kuɗin wata, ta wa ce?

Duk lokacin da aka zauna kafa ƙungiya mai zaman kanta wadda ba riba ta sa a gaba ba, akan ɓata awa biyu a kan suna da tambari da wanda zai zama shugaba. Da an zo kan kuɗin rajista da kuɗin wata sai kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce a bar shi sai an kafu. Ni a ganina tun daga wannan ranar aka fara haƙa wa ƙungiyar rami.

Kuɗin da mamba ke biya ba shi da yawa, sau da yawa ma ba ya isa hayar ofis. Amfaninsa na wani wuri ne daban. Mutumin da ya cire kuɗi daga aljihunsa shi ke da bakin tashi a babban taron shekara ya ce wa ma'aji ya kawo rasit. Wanda bai taɓa ba da ko sisi ba, ko ya ga ɓarna, kunya za ta rufe masa baki. Da zarar mai ba da tallafi ɗaya ya ɗauke duk nauyin, shugabanni sai su koma rubuta masa rahoto shi kaɗai, mambobi kuwa sai ranar ɗaukar hoto ake nemansu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Manyan ƙungiyoyin duniya sun gane haka tun da daɗewa. Greenpeace mai fafutukar kare muhalli, wadda aka kafa a Kanada a 1971, ba ta karɓar kuɗin gwamnatoci ko na kamfanoni. Amnesty International, da aka kafa a Landan a 1961, ba ta karɓar kuɗin gwamnati don binciken da take yi kan take haƙƙin ɗan'adam. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa a watan Yunin 2016 ta daina karɓar tallafin Tarayyar Turai da ƙasashenta saboda yadda suke mu'amala da 'yan gudun hijira. Ta iya juya baya ne domin mafi yawan kuɗinta daga miliyoyin mutane masu ba da kaɗan-kaɗan yake zuwa. A ɗaya gefen, an ga abin da ya faru a watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare: ƙungiyoyi da dama da suka jingina da USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, sun wayi gari suna sallamar ma'aikata da rufe ayyuka.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Idan aka tsananta kuɗin wata, talaka zai zame, alhali galibi dominsa aka kafa ƙungiyar. Maganin wannan shi ne a rubuta sassauci ƙarara a kundin tsarin mulki: ɗalibi da marar aiki su biya rabi, ko a yafe musu na wani lokaci, kuma kwamiti ne zai yanke, ba shugaba shi kaɗai ba. Yafiyar da shugaba ke rabawa da hannunsa, ranar zaɓe ƙuri'a take zama. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, domin na ga ƙungiya mai kyakkyawar manufa da aka ƙwace ta haka: ana saura mako biyu zaɓe wani ɗan takara ya biya wa mutane da yawa kuɗin rajista, suka zo suka ɗaga hannu, ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Da akwai layi ɗaya a kundi, da ya hana wannan, wato sabon mamba ba zai yi zaɓe ba sai ya cika wata shida yana biya.

Sai batun mai hannu da shuni a cikin mambobi. A gode masa, a sa sunansa a rahoton shekara idan yana so, amma ƙuri'arsa ɗaya ce. Mutum 28 da suka kafa ƙungiyar gama-kai ta Rochdale a Ingila a 1844 sun tsaya a kan wannan ƙa'ida, mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, kuma har yau ƙungiyoyin gama-kai na duniya a kanta suke tafiya. Idan masu kasuwanci sun iya, waɗanda suka ce ba riba suke nema ba ba su da uzuri.

Ba ina cewa a ƙi tallafin waje ba ne. A karɓa, a gina rijiya, a sayi magani. Amma abubuwan da ke riƙe ran ƙungiya, kamar taron shekara da binciken kuɗi daga akanta na waje da kuɗin sabunta rajista, su fito daga aljihun mambobi. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu aƙalla su sa hannu kafin a cire kuɗi, kuma a karanta sunan duk wanda ya ba da babbar gudummawa a gaban taro, tare da sharaɗin da ya gindaya.