Fabio Baggio: Fadan da ya koyi tauhidi a wajen 'yan ci-rani

Da Fafaroma Francis ya naɗa Fabio Baggio kadinal a Disambar 2024, mutumin ko bishop bai zama ba tukuna. Fada ne kawai, wato limamin cocin Katolika, ɗan garin Bassano del Grappa a Italiya, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa a kan batun ƙaura.

Ƙungiyar da ta raine shi ma ƙaura ce ta haife ta. Giovanni Battista Scalabrini, bishop na Piacenza, ya kafa ta a 1887, zamanin da talauci ke kora Italiyawa zuwa Amurka, Brazil da Ajantina. Wato jikokin 'yan ci-ranin jiya su ne yau ke gardamar ko a bar jirgin ceto ya tsaya a gaɓarsu.

An naɗa Baggio fada a 1992. Ya yi aiki a Chile, sannan a Buenos Aires lokacin da Bergoglio, wanda ya zama Francis, ke babban bishop na birnin. Daga 2002 zuwa 2010 ya jagoranci cibiyar binciken ƙaura ta ƙungiyarsu a Filifin, ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta ke aikatau da aikin jirgin ruwa a waje. A ganina nan ne ƙarfinsa yake. Wanda ya zauna da matar da ubangidanta ya riƙe mata fasfo, in ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta gudun Maryamu da jaririnta zuwa Masar, ba zai karanta shi kamar tatsuniya ba.

A 2017 shi da wani fada, Michael Czerny, suka fara riƙe sashen 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira na Vatican, ƙarƙashin Fafaroma kai tsaye. Manufarsu a taƙaice: a karɓi baƙo, a kare shi, a ɗaga shi, a shigar da shi cikin jama'a.

Masu suka na cewa magana ba ta buɗe iyaka, kuma suna da hujja. Francis ya je Lampedusa, tsibirin Italiya da jiragen 'yan ci-rani ke isa, a Yulin 2013, amma a Oktoban shekarar mutum fiye da 360 suka nutse kusa da tsibirin. Vatican ba ta ba da bizar Turai, ba ta da jirgin sintiri. Abin da take da shi majami'u ne a kowace hanya, da mutanen da suka san abin da ke faruwa a can, kuma wannan sanin ne Baggio ya kai teburin da ake tsara manufa.

A wannan Oktoban na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar Nijar, arewa da Arlit, galibi mata da yara 'yan yankin Kantche da suka nufi Aljeriya. Namu masu wa'azin, Musulmi da Kirista, sun fi iya cewa "kada ku tafi". Kaɗan ne suka taɓa zama a tashar Agadez su tambayi matafiyi bashin nawa ya ci kafin ya hau mota.